Gyara ko Sauyi: Hukuncin Tsohuwar Motar Sana'a

 

Maganar da aka ɗora mini a yau ta shafi motar da ake cin abinci da ita: Hayis ɗin da ke raba burodi tun asuba, akori-kurar mai ruwan leda, J5 ɗin da ke kwasar albasa da tumatir, da bas ɗin da ke kai 'yan makaranta. Duk wanda ya riƙe irin wannan mota shekaru, akwai ranar da bakanike zai fito daga ƙarƙashinta yana goge hannu, ya ce, "Alhaji, sai dai a sauke inji." Daga nan tambaya ta taso: a gyara, ko a rabu da ita a nemi wata? Yawancinmu a wannan ranar muke yanke hukunci, a bakin gareji, rai a ɓace, kaya na jira, direba na tsaye. Wannan kuwa ita ce rana mafi muni ta yanke shi. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne cewa shekarun mota ba su ne ma'auni ba, girman kuɗin gyaran da aka yanka ma ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne nawa kowace ranar aiki za ta ci wa mai motar daga yau zuwa shekara biyu masu zuwa, idan ya gyara, da kuma idan ya sauya. A halin da Najeriya take ciki, wannan lissafi yakan faɗa wa ɓangaren gyara fiye da yadda mutane ke zato, muddin ƙashin motar lafiya yake.

Mu fara da gane abin da sauyi yake nufi a wurinmu. Ƙaramin ɗan kasuwa a Kano ko Gusau ko Maraɗi ba ya shiga kamfani ya fito da sabuwar mota dal a leda. Abin da yake saya shi ne 'yar Beljiyam, wato motar da wani ya mora a Turai ko Amurka ko Asiya, ko kuma ta hannu wadda aka riga aka mora a nan gida. Ke nan zaɓin nasa yana tsakanin tsohuwar da ya sani ne da tsohuwar da bai sani ba. Farashin wadda bai sani ɗin ba kuwa da dala ake auna shi. Kafin watan Yuni na 2023, dala ɗaya a farashin hukuma tana wajen naira 460. Da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, cikin shekarar 2024 ta haura 1,500. Kuɗin fito na kwastan ma da farashin dala ake lissafa shi, don haka ya bi sahu. A watan Janairun 2017 kuma gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, abin da ya toshe hanyar Kwatano wadda dillalanmu suka daɗe suna bi. Ga wanda zai ci bashi, Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari a watan Nuwamban 2024, bankunan kasuwanci kuwa a saman wannan suke ɗora nasu. Wanda ya guje wa ruwa ya nufi bankin Musulunci irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, zai samu murabaha ko ijara, ya tsira da addininsa, amma ribar da bankin zai ɗora a kan motar ita ma tana bin tsadar kuɗi a ƙasa. Gaskiya ne kayan gyara ma sun yi tsada, don su ma shigo da su ake yi. Sai dai mai gyara ɓangaren mota yake saye da tsadar dala, mai sauyi kuwa motar gaba ɗaya yake saye.

Rashin sanin da na ambata ba ƙaramin abu ba ne, har masana tattalin arziki sun yi masa nazari na musamman. A shekarar 1970 wani Ba'amurke mai suna George Akerlof ya wallafa wata maƙala a kan kasuwar tsofaffin motoci, wadda tana cikin ayyukan da suka sa aka ba shi lambar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne mai sayarwa ya san aibin motarsa, mai saye bai sani ba. Saboda mai saye yana tsoron a cuce shi, ba zai biya farashin mota mai kyau ba, saboda haka mai mota mai kyau sai ya riƙe abarsa, kasuwa ta cika da masu ɓoyayyen ciwo. Duk wanda ya taɓa zagaya filin dillalan mota ya san wannan ba tare da ya karanta maƙalar ba. Ana mayar da agogon kilomita baya. Motar da ruwa ya ci a ambaliya ko ta yi hatsari a Amurka, a sayo ta a gwanjo, a buga mata fenti. Wadda ta yi shekaru a ƙasashen sanyi, inda ake zuba gishiri a kan titi don narkar da ƙanƙara, takan zo da tsatsa a ƙasa, sama kuwa tana ƙyalli. Motar da ke ƙofar gidanka ka san ranar da aka canza mata kuloci, ka san giya ta uku tana ɗan gardama da safe, ka san wane bakanike ne ya san kanta. Wannan sani dukiya ce, kuma ranar da ka sayar da motar ba wanda zai biya ka kuɗinsa.

Bari mu yi lissafi da alƙaluman misali, kowa ya cire su ya sa nasa. A ɗauka an ce inji da giya da ƙafafu za su ci naira miliyan 3, kuma bakanike mai amana ya ce za ta ba da shekara biyu cur. Miliyan ɗaya da rabi ke nan a shekara. Idan motar tana fita kwana 300 a shekara, kowace ranar aiki ta ci naira 5,000. A ɗaya ɓangaren, a ɗauka 'yar Beljiyam irinta tana miliyan 20, tsohuwar kuma za a saye ta miliyan 5, saura miliyan 15 da za a nemo. Idan bashi ne a kan kashi 30 cikin ɗari, ruwan shekarar farko kaɗai ya kusa miliyan huɗu da rabi, wato naira 15,000 a kowace ranar aiki, ba a taɓa uwar kuɗin ba. Wani zai ce shi ba bashi zai ci ba, daga aljihunsa zai fitar. To kuɗin da ya fitar daga jari yake, buhunan fulawa ne ko ledar ruwa da ba za a saya ba, kuma ribar da suke kawowa ita ce ruwan da yake biya ba tare da ya gani a takarda ba. A wannan misali, tazarar da ke tsakanin hanyoyin biyu miliyan 3 ce a shekara, kuma gyara ne ke da rinjaye.

Sai dai lissafin bai ƙare a nan ba, kuma wannan ne gurbin da masu ƙaunar tsohuwar mota suke tsallakewa. Motar sana'a tana cin kuɗi ko da tana ajiye. Ranar da ta kwana a gareji, direba da yaron mota za su ci abinci, burodin da aka gasa da dare sai an ɗauki hayar wata motar ko a Daidaita Sahu uku kafin ya isa shaguna, in kuwa bai isa ba, mai shayi ba zai jira ba, zai karɓi na wani gidan, kuma ba lallai ya dawo ba. Idan ranar zaman banza tana jawo asarar naira 40,000, to miliyan ukun nan da gyara ya fi sauyi da ita daidai take da kwana 75 a shekara, kimanin kwana shida a wata. Motar da ke kwana biyu a wata a wurin bakanike tana da sauran amfani mai yawa. Wadda ta kai kwana shida ko bakwai ta cinye ribar riƙe ta, ko da kowane gyara shi kaɗai bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma bambanci tsakanin tsayawar da aka shirya mata da wadda ta zo ba zato. Mota ta shiga gareji ranar Lahadi don juye da canjin birki, wannan ba asara ba ce. Ta mutu tsakanin Zariya da Kaduna da tumatir a ciki, rana na dukansa, wannan asara ce ta kaya da kuɗin janwe da mutuncin mai ita a wurin abokan ciniki. Tsufan da ke kashe motar sana'a shi ne ranar da mai ita ya daina iya yi wa mutane alkawarin lokaci.

To yaya za a san wadda gyara zai mayar da ita mai riƙe alkawari? Sai a rarraba motar gida-gida. Inji, giya, lagireto, shokoziba, sifirin, duk abubuwa ne da ake kwancewa a ɗaura wasu. Shaidar wannan tana kan titunanmu: kamfanin Peugeot ya daina ƙera J5 tun farkon shekarun 1990, amma har yau tana ɗauke da kayan gwari daga Arewa zuwa Kudu, da yawansu kuwa an canza musu inji ba sau ɗaya ba. Inji kuma yana faɗin ciwonsa ga mai lura. Shuɗin hayaƙi a salansa yana nuna baƙin mai na ƙonewa, galibi rin ya gaji. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yana nuna ruwa na shiga silinda, sau da yawa gaskit ne, kuma idan aka buɗe murfin baƙin mai za a ga wani abu fari-fari kamar madara ya manne a jikinsa. Baƙin hayaƙi kuwa mai ne ke yawa ko iska ta yi kaɗan. Akwai agogon auna matsin kowace silinda, aikin da bai kai awa ɗaya ba, wanda zai nuna ko injin na buƙatar saukewa ko ƙaramin aiki ne. Mai mota yana da haƙƙin ya ce a auna a gabansa kafin a kwance ƙusa ɗaya.

Shasi kuwa wani abu ne daban. A kai motar kan rami, a wanke ƙasanta, a shiga da tocila da sukundireba. A bi dogayen ƙarafan nan biyu daga gaba zuwa baya, a tsaya a wuraren da sifirin da shokoziba suke kamawa, da inda akwatin sitiyari yake ɗaure, a danna. Ƙarfe mai lafiya zai ƙi, ya yi ƙara tsaf. Ruɓaɓɓe zai ɓare kamar ɓawon albasa, wani lokaci sukundireban ya nutse. A duba tsaga, a duba tsohuwar walda da aka shafe da baƙin fenti, a tsaya daga baya a ga ko motar tana tafiya a karkace. Motocinmu sun fi samun wannan ciwo daga lodi fiye da ƙima: an ƙera ta don tan ɗaya, an ƙara mata sifirin ana ɗora mata biyu, sifirin ya ɗauka, shasin ya biya. Idan ƙashin nan ya ruɓe ko ya karye a wurin da nauyi ke sauka, magana ta ƙare. Sabon inji a kan irin wannan shasi kuɗi ne aka zuba a motar da ba za ta rayu ta biya shi ba.

Wajibi ne kuma a tambayi kasuwa. Motar da za a samu kayanta a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna cikin awa ɗaya ta fi wadda sai an aika Ladipo a Legas an jira mako, ko da ta biyun ta fi ta ƙuruciya. Wannan ne sirrin Toyota Hiace, wadda ake ƙerawa tun 1967, da samfurinta na 2004 da muke kira Homa: duk garin da ta tsaya akwai wanda ya san ta. Mai sauya tsohuwar Hayis da wata baƙuwar mota mai kwamfuta, wadda bakanike ɗaya ne a gari ke da na'urar duba ta, ya rage shekaru ya ƙara kwanakin jira.

Yanzu ga masu ja da wannan magana. Na farko zai kawo ƙa'idar da ake yawan ji, cewa idan kuɗin gyara ya kai rabin darajar mota, a rabu da ita. Wannan ƙa'ida ta fi dacewa da ƙasashen da ladan bakanike ke da tsada ƙwarai, bashin mota ke da sauƙi, tsofaffin motoci kuma suke da araha. A wurinmu duka ukun a juye suke. Ban da haka, ƙa'idar tana gwada kuɗin gyara da abin da za a ba ka idan ka sayar, alhali kai ba sayarwa ce sana'arka ba, raba kaya ne. Abin da ya kamata a gwada shi da shi shi ne kuɗin samun wata motar da za ta yi aikin. A misalinmu gyaran ya haura rabin darajar tsohuwar, amma kashi ɗaya ne cikin biyar na abin da sauyi zai nema.

Na biyu zai ce mai fa? Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200, ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kuma tsohuwar mota mashayiya ce. Wannan hujja ce mai nauyi, amma a sa ta a sikeli. Motar cikin gari da ke shan lita 30 a rana, idan wadda za ta maye gurbinta ta rage kashi goma cikin ɗari, lita uku ke nan, wajen naira 3,000 a wancan farashi, a gaban 15,000 na ruwan bashi. Kuma wani kaso na shan man nan ba tsufa ba ne, sakaci ne: fulogi ya mutu, matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, tayoyi ba su da isasshiyar iska, an cire abin da ke daidaita zafin inji da sunan maganin ɗaukar zafi, injin yana aiki da sanyi yana ƙara shan mai. Duk waɗannan gyaransu bai kai kuɗin taya biyu ba. Inda hujjar ke da ƙarfi sosai shi ne motar dogon zango, mai zirga-zirga tsakanin Kano da Legas, tafiyar kusan kilomita dubu, domin a can mai ne babban abin kashewa kuma ƙaramin bambanci yana taruwa. Mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinsa a 2023, yana rage kuɗin mai ƙwarai a garin da ke da gidan sayar da gas ɗin, kuma ana yin sa ne a kan motar da kake da ita, in injinta na da lafiya.

Na uku shi ne wanda ba na jayayya da shi: rai. Motar sana'a tana ɗauke da direba da yaronsa, wani lokaci da yara 'yan makaranta, kuma tana bi ta cikin kasuwa. Duk lissafin da na yi yana aiki ne a kan motar da za a iya mayar da birkinta da sitiyarinta da fitilunta daidai. Idan ba za a iya ba, babu ribar da za ta halatta fitar da ita, ko jami'an kiyaye haɗurra da na VIO sun gani ko ba su gani ba. Amma a lura, mafi yawan abin da ke kisa a tsohuwar mota abu ne mai gyaruwa. Taya misali ce: a gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, don haka 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar gwanjo mai kyan zane wadda ta daɗe a ajiye tana iya fashewa a kan kwalta mai zafi, a ƙarƙashin tsohuwar mota ko 'yar Beljiyam ɗin da aka sauke jiya. Wanda ya kwashe jarinsa ya sayi mota, ya rasa na sababbin tayoyi, bai sayi aminci ba.

Akwai kuma kuskuren da ke fitowa daga ɓangaren masu gyara, kuma dole in faɗe shi don kada a ɗauki maganata izinin riƙe kowace akwala. Za ka ji mutum yana cewa, "Bara na kashe mata miliyan biyu, yaya zan sayar yanzu?" Kuɗin bara ya tafi, ko an riƙe motar ko an sayar. Ba ya cikin lissafin gobe, sai dai a matsayin shaida: idan an kashe miliyan biyu kuma har yanzu tana kwana shida a gareji, wannan hujjar rabuwa ce. Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne gyaran lallaɓawa, a ɗaure da waya yau, a sa jabun kaya gobe, a ce wa bakanike, "Malam, ka dai taɓa ta ta kai mu Juma'a." Gyaran da nake karewa shi ne wanda ake yi gaba ɗaya: a tsayar da motar mako guda a lokacin da kasuwa ta yi sanyi, a duba ta daga gaba zuwa baya, a rubuta duk abin da ya gaji, a sa kaya na ainihi, a yi yarjejeniya da bakanike a kan abin da zai ɗauka idan aikin ya dawo. Wanda ba shi da kuɗin irin wannan gyara, ya sani cewa na sauyi ya ninka shi sau da yawa.

Duk wannan yana buƙatar abu ɗaya da yawancin masu mota ba su da shi, wato littafi. Ƙaramin littafin rubutu a aljihun gaban mota ya isa: kwanan wata, litar man da aka sha, abin da aka gyara da kuɗinsa, da ranakun da ba ta fita ba da dalili. Bayan wata shida, mai motar ba ya buƙatar ra'ayin dillali, wanda la'adarsa ke cikin sauyi, ko na bakanike, wanda abincinsa ke cikin gyara. A gefen littafin kuma a ware wani abu daga balas ɗin kowace rana don motar gaba, tun wannan tana da ƙarfi. Da yake hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamban 2024, kuɗin da aka ajiye a akwati narkewa yake yi, don haka gara a sa shi a adashe mai saurin zagayowa ko a cikin hajar da mutum ya san kanta. Kada kuma tashin farashin tsohuwar motar a naira ya ruɗi kowa ya ɗauka riba ya ci, domin wadda zai saya ta fi ta tashi. Idan littafin ya nuna kwanakin gareji suna hawa wata uku a jere bayan an yi cikakken gyara, ko rami ya nuna shasi ya fara ɓarewa, a fara neman mai saye a lokacin, tana tashi da makulli tana tafiya da ƙafarta, a kuma gaya masa aibinta kamar yadda shari'a ta wajabta. Motar da aka kai kasuwa a bayan janwe, masu yanka kayan gyara ne kaɗai za su taya ta, kuma farashin ƙarfe za su bayar.